Ɗakin Ajiyar Attahiru

A unguwarmu ta Tamaske, idan mutum zai tafi ci-rani, gida uku yake shiga kafin ya hau mota: gidan iyayensa, gidan liman, da gidan Attahiru. A biyun farko addu'a yake nema. A na ukun kaya yake saukewa.

Attahiru ba malami ba ne, ba kuma mai kuɗi ba. Manomin gero ne, gajere, mai ƙaramar murya, wanda ko a taron suna ba ka jin bakinsa. Abin da ya gada wajen ubansa shi ne wani ɗakin ƙasa a bayan zaure, mai ƙofar kwano da kwado biyu, da kuma sunan gidan: ba a taɓa ba su ajiya ta yi ciwon kai ba. Na sha leƙa ɗakin. Akwai keken ɗinki da aka lulluɓe da buhu, da akwatunan ƙarfe na masu Abijan, da injin ban-ruwa, da tasoshin wata mata da ta bi mijinta Legas, har da sirdin raƙumin wani makiyayi da ya yi arewa tun ina yaro bai dawo ba. Attahiru kan shafa wa sirdin mai duk shekara.

Bai taɓa karɓar lada ba. Tsaraba yana karɓa, goro ko sabulu ko hula, domin wannan zumunci ne. Amma ranar da wani ya dawo daga Kwaddibuwa ya tura masa takardar jikka biyar, wato sefa dubu biyar, a aljihu, Attahiru ya zaro ta da yatsu biyu ya ajiye masa a kan tabarma.

"Ni ba ɗan gadi ba ne," ya ce. "In ka biya ni, haya ka yi. Amana ba a hayar ta."

Akwai kuma abin da ba ya yafewa, wato a riƙa leƙon ajiya. Wani saurayi, Munir, ya taɓa barin babur a wurinsa, sannan ya sa ƙanensa yana zuwa kowace ranar kasuwa yana duba taya da madubi. A zuwa na uku Attahiru ya turo babur ɗin da kansa har ƙofar gidansu, ya jingine shi, ya miƙa makulli. Ya ce wanda ya ba ka ajiya yana leƙo ta bai ba ka ba, zagin ka yake a hankali. Haka ubansa ya koya masa. Ya kuma koya masa cewa duk sa'ar da mai abu ya yi sallama, ko kana tsakiyar cin tuwo ne, ka fara ba shi abinsa kafin ka ba shi ruwa.

Gonarsa ɗaya ce, a gindin dutse, kuma a gaskiya matarsa Lalla ce ta yi ta. Da can wurin fako ne, ko ƙaya ba ta tsira. Lokacin da poroje, wato shirin gyaran ƙasa, ya zo Keita, maza duk suna ci-rani, mata ne suka yi aikin. Lalla tana amarya ta ɗauki gammo ta shiga layi. Suna ɗauko duwatsu daga tudu a ka, suna jera su don su tare ruwa, ana biyan su da dawa da mai. Har yau ba ta iya juya wuyanta hagu sai ta juya da jikinta duka. Da aka raba filin, yankin da ta jera ya faɗo musu. Ƙasa ta taru a bayan duwatsun, itatuwa suka kama, gero ya fito. Daga nan suke ci.

A kakar 2016 Jima ya zo masa. Jima ɗan maƙwabcinsa ne, maraya, wanda ya yi shekara biyar yana tura baro a kasuwar Abijan. Ya dawo da jikka ɗari shida na sefa. Yana son garkar albasa, wato lambu, a fadama, da rijiya da inji, amma kuɗin ba su kai ba, shi ya sa ya yi niyyar tafiya Libiya ya ciko. Bai bar kuɗin a gidansu ba, don ya san yayyensa.

"Baba, ga su. Shekara guda, in ta yi tsawo biyu."

"Allah shi kai ka lafiya. Ko gobe ka juyo, suna nan."

Attahiru ya sa kuɗin a tulu ya liƙe baki da laka, kamar yadda ya saba. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Bai taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka ba. A watan aka fasa shaguna biyu a kasuwa. Kuma bai manta da shekarar da aka canza takardun kuɗi ba, lokacin da ya yi ta bin layi da tsofaffin takardun mutanen da ba su nan, yana tsoron kada wa'adi ya cika su zama ganye. Idan aka sake canzawa Jima yana cikin hamada fa?

Ango ne ya ba shi shawara. Ango dillalin albasa ne, mai lodin manyan motoci, mutum mai fara'a da son a ce ya san gari.

"Kai Attahiru, har yanzu tulu? Gara ta ci, ɓarawo shi ɗauka, wuta ta lashe. Kai su banki. Can ƙofar ƙarfe ce, da soja a bakinta. Ni kuɗɗina duka can suke kwana."

Ranar da Ango zai je Tawa ya ɗauke shi a motarsa. Attahiru ya sa rigarsa ta Juma'a. A bankin aka zaunar da su gaban wani yaro mai ɗaure da wuya, Ango yana tafinta inda Hausar yaron ta gaza. Yaron ya ce asusu iri biyu ne. Akwai na masu ajiyewa su bari, akwai na 'yan kasuwa masu shiga da fita, wanda duk lokacin da mutum ya so sai ya cira. Wanne tsoho yake so?

Ga Attahiru wannan ba tambaya ba ce.

"Kuɗɗin ba nawa ba ne. Mai su shina iya zuwa gobe. Ka sa su inda in ya yi sallama zan ba shi."

"Irin nawa ke nan," in ji Ango. "A ba shi irin nawa, na manya."

Aka ba shi irin na manya. Aka haɗa masa da kati na cirar kuɗi a inji, da saƙon salula mai gaya wa mutum abin da ya shiga da abin da ya fita. Attahiru ba shi da salula, sai Ango ya ba da lambarsa. Aka kawo takardu da Faransanci, ya dangwala yatsa inda aka nuna masa. Ba wanda ya yi masa ƙarya a ranar. Ba kuma wanda ya gaya masa cewa ɗaya asusun ma ana cirar kuɗi a cikinsa, ko cewa wannan da ya zaɓa yana da kuɗin riƙo duk wata. Shi kuma bai tambaya ba. Ta ina zai fara? A duniyarsa mai riƙon ajiya ba ya sa hannu a cikinta ya biya kansa.

Ya dawo gida ya naɗe katin da takardun a tsumma, ya sa su a tulun da kuɗin suka fito, ya liƙe.

Jima bai dawo a shekara guda ba, bai dawo a biyu ba. Aka ce an tsare shi, aka ce ya mutu, daga baya aka ji yana aikin gini a wani gari a bakin teku. A duk tsawon nan Attahiru ya je Tawa ba sau ɗaya ba, har ya kwana huɗu a can lokacin da aka kwantar da Lalla a likita, wato asibiti. Yakan wuce ta gaban bankin. Bai taɓa shiga ba. Lalla ta taɓa ce masa ya leƙa mana, tunda ga shi ga ƙofar.

"In leƙa in ce musu mi? In ce na zo in gani ko kun sata? Abin da Munir ya yi mini shi zan yi wa mutane?"

Ango kuwa ya canza layin salularsa tun a shekarar farko. Saƙonnin suka ci gaba da tafiya duk wata zuwa lambar da ba kowa a kanta, ana kuma cire kuɗinsu.

Bayan kakar 2023 Jima ya sauka a tasha, ya rame, haƙoransa biyu babu, da jaka ɗaya a kafaɗa. Abin da ya samo a Libiya ya ƙare a hanya da hannun masu tsare mutane. Bai damu ƙwarai ba, don ya san yana da jikka ɗari shida a gida. Ya yi sallama a zauren Attahiru. Tsohon ya tashi, ko ruwa bai ba shi ba, ya fasa bakin tulu, ya ce gobe da safe su kama motar Tawa.

Yaro mai ɗaure da wuya ya daɗe da barin wurin. Wata mata ce a bayan gilashi. Ta duba inji, ta dube su, ta sake duba inji.

"Baba, nawa za ka cira?"

"Duka, ɗiyata. Jikka ɗari shida."

"Abin da ke ciki jikka ɗari biyu da sittin da huɗu ne."

Attahiru ya yi murmushi, ya ce ta duba da kyau, wataƙila na wani ta buɗe. Ta juyo masa da injin kamar zai iya karantawa. Ta ce katinsa ma ya mutu tuntuni, an yi masa sabo har sau biyu, suna nan a aljihun tebur ba wanda ya zo ɗauka. Da murya ta fara tashi sai aka shigar da su ofishin babbansu, aka ba su kujeru masu laushi da ruwan sanyi.

"Wa ya ɗiba?" in ji Attahiru.

"Ba wanda ya ɗiba, Baba. Kuɗin riƙon asusu ne, da na kati, da na saƙo. Jikka huɗu kowane wata. Yana cikin takardar da ka sa wa hannu."

"Riƙo? Ku da kunka riƙe, ku kunka ci?"

"Aiki ne muke yi maka. Akwai ma'aikata, akwai wuta, akwai masu gadi."

"Wane aiki? Shekara bakwai ban taka nan ba. Ban tashe ku daga barci ba, ban sa ku ƙirga ko dala ba." Ya ajiye kofin ruwan bai sha ba. "Mu can, in ka ba mutum kiwon akuya, shina shan nono. Ba shi yanke mata ƙafa duk wata shi ce ladan kiwo."

Babban ya yi dariya kaɗan, sannan ya ga ba abin dariya ba ne. Mutumin kirki ne a yadda Jima ya ba ni labari. Ya yi musu bayani a hankali. Da asusun tanadi aka buɗe, ba a cire kuɗin wata, har 'yar riba ake ɗorawa, kuma shi ma ana cira in an zo da takardar shaida. Da an ce ba a son kati da saƙo, da ba a caje su ba. Da ma ya zo ko sau ɗaya ya tambaya, da an gani an juya masa.

"Laifin, Baba, ba ka leƙo ba."

Attahiru ya miƙe daga kujerar.

Suka karɓi abin da ya saura, suka rufe asusun, suka roƙi a buga musu lissafin. Da yake ni ke rajista a meri, ofishin magajin gari, kuma takardun Faransanci na unguwa wajena ake kawowa, washegari suka same ni da shi. Na bi shi layi layi, na haɗa, na sake haɗawa. Ba kuskure ko na dala. Wata tamanin da huɗu, jikka huɗu huɗu, jikka ɗari uku da talatin da shida. Attahiru ya tambaye ni ko akwai inda ake kai ƙara. Na gaya masa gaskiya: yatsansa na kan takarda.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma ya canza kama a hanya. A majalisar masu shayi aka ce banki ba ya cin kuɗin mutum haka kawai, ai Ango ya shekara nawa yana ajiya bai yi kuka ba. Ango kuwa miliyoyi ke shiga suna fita a nasa, bai taɓa lura da jikka huɗu ba. Wani ya tuna cewa an kwantar da Lalla a likita, ya tambaya da me aka biya. Yayyen Jima, waɗanda aka ƙi ba su riƙon kuɗin, su suka fi kowa ɗaga murya. Munir, wanda yanzu magidanci ne, ya ce shi dai ya gode Allah da ya riƙa aika ƙanensa.

Jima ya zo zauren bayan sallar magariba, ya durƙusa.

"Baba, na ga takarda da idona. Na yafe. Wallahi na yafe, duniya da lahira."

"Mi ka yafe?"

"Abin da ya ɓata."

"Ana yafe wa wanda ya ci. Na ci?"

"Ba ka ci ba, Baba."

"To riƙe yafiyarka. Jikka ɗari shida ka ba ni a wanga zaure, jikka ɗari shida za ka ɗauka a wanga zaure."

Ba shi da shanu, ba shi da ɗa a waje mai aiko da kuɗi. 'Ya'yansa mata ne, suna gidajen mazansu. Abin da zai kai wannan kuɗi ɗaya ne, kuma Lalla ta gane tun kafin ya buɗe baki. Maƙwabta sun ji su ta kan katanga.

"Malam, yaron ya ce ya yafe."

"In na karɓa, gobe a ce Attahiru ya ci amana an yafe mishi."

"In ka biya fa, mi za a ce?"

Lalla ta ci gaba.

"Sunanka za mu dafa da damina? Kai ka gaji suna wajen ubanka, ni ban gaji komi ba. Da wuyana na ɗauko gonar nan, dutse dutse. Mutanen da sunka ci kuɗɗin suna can cikin sanyi, ko sunanka ba su riƙe ba. Ni za a yanka a biya su?"

"Ba su za a biya ba. Jima za a biya."

"Da ka shiga ranar da na ce ka shiga!"



Ango ne ya sayi gonar. Ya ce don ya rufa wa abokinsa asiri ne kada ta faɗa hannun bare, kuma bai rage farashi ba, wannan kam ni shaida ne. Ni na rubuta takardar cinikin a gaban maigari. Da aka zo dangwala yatsa, Attahiru ya ce in karanta masa ita duka da Hausa, kalma kalma, har da kwanan wata. Na karanta. Lalla tana tsaye a bakin zaure, ba a kira ta ba.

"Mushe," ta ce da ni, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati a wurinmu, "duwatsun suna cikin takarda?"

Na ce takarda ta ce gona da abin da ke cikinta.

"To." Ta juya da jikinta duka, ta tafi.

A ranar Attahiru ya tara shaidu huɗu a zaurensa, ya ƙirga wa Jima jikka ɗari shida a kan tabarma. Jima yana kuka yana cewa ba ya so. Tsohon ya tura masa su gabansa, sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Kuɗin da a 2016 suka kusa sayen garka, yanzu ko rabinta ba su kai ba. Jima ya sayi baro da 'yan buhuna, yana dako a kasuwa.

Lalla ce ta yi gaskiya. A majalisar masu shayi magana ta koma, "Ai ya biya." Kuma a garinmu ba a biyan abin da ba a ci ba. Ba wanda ya faɗa masa a ido. Sai dai mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa. Mai keken ɗinki ya ce ƙanwarsa za ta koyi sana'a. Dangin mai injin ban-ruwa suka ce ya bugo waya a kai masa gyara. Kowa ya zo, Attahiru kan buɗe kwado biyu, ya fito da kayan, ya ce a duba da kyau a gabansa, abin da a da zai ɗauka zagi. Samarin da suka tafi ci-rani a ranin nan gida biyu suka shiga. Kafin damina ba abin da ya saura a ɗakin sai sirdin raƙumi.

Yanzu Lalla tana sussuka a gidajen mutane, ana ba ta tiyar hatsi. Idan za ta je itace takan yi zagaye mai nisa don kada ta bi ta gindin dutse. Attahiru kuwa Ango ya ba shi aiki. Yana zama a bakin rumfunan albasarsa daga safe zuwa faɗuwar rana, da sanda a gefe, yana korar awaki da yara. Yaran kasuwa suna kiransa Baba mai gadi, yana amsawa.

Ƙarshen watan farko ina wurin, na je sayen albasa, Ango ya zo biyansa. Ya ce cikin raha, yanzu ma'aikatansa duka ta asusu yake biyan su, ko a buɗe wa tsoho irin wanda ba a cire komai?

Attahiru bai ɗaga kai ba. Ya miƙa tafin hannu.

"Ba ni ladan gadina nan," ya ce.

Ya ƙirga su sau biyu a gaban Ango, ya sa a aljihu.